Baƙin dutse daga Gombe, da abin da teku ke binnewa idan ya cika

Ɗan yayata yana karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Jos. Da suka dawo daga aikin fili a wajejen Gombe, sai ga shi a gidanmu na Gangare da jaka mai nauyi, ya zazzage ta a kan tabarmar Baffa. Duwatsu biyu ne suka tsayar da hira. Ɗaya fari-fari, da zanen wani abu a nannaɗe a jikinsa kamar ƙaton dodon koɗi, faɗinsa ya kai tafin hannu. Ɗayan baƙi ne, yana ɓarewa falle-falle kamar tsohon littafin da ruwa ya taɓa.

Baffa ya ci ƙuruciyarsa a ramukan kuza tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, don haka ba a yi masa burga da dutse. Ya kankare baƙin da farce, ya shinshina, ya ce, "Kai ja'iri, wannan ne karatun naka? Ai ba dutse ba ne, taɓo ne ya bushe."

"Taɓo ne, Kaka, amma na teku."

"Teku a Gombe? To, Allah ya kawo mu zamani."

Dukansu biyun suna da gaskiya. Baƙin dutsen laka ce ta ƙasan teku da ta daskare, shi kuma mai kama da dodon koɗin sawun wata halittar ruwan gishiri ce da ake kira amonait, wadda ta ƙare a duniya shekara miliyan 66 da suka wuce. Irinta na fitowa da yawa a ramin da ake fasa dutsen siminti a Ashaka.

Tun da kamfanin NNPC ya sanar a watan Oktoban 2019 cewa ya samu mai a rijiyar Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, maganar tsohon teku ta shiga teburin mai shayi. Abin da na fi ji ana faɗa shi ne wai duk inda teku ya taɓa kwanciya akwai mai a ƙarƙashi. Ba haka abin yake ba. Teku ya kwanta a ƙasar Sakkwato, shi ya bar dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina, har an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka raɗa wa sunan garin Goronyo. Kwanciyar teku kaɗai ba ta haifar da mai. Abin dubawa shi ne halin da tekun yake ciki a lokacin: cika yake yi ko janyewa, kuma akwai iskar shaƙa a ƙasansa ko babu.

Mu fara da abin da ya baƙanta dutsen. A saman teku, iya inda hasken rana ke ratsawa, akwai ƙananan halittu dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, su rayu kwanaki kaɗan, su mutu, gawarsu ta riƙa sauka kamar ƙurar hunturu. Kusan duka ana cinye ta a hanya. Abin da ke tsira har laka ta binne shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Idan wannan ɗan ragowa ya taru har sinadarin kabon ɗinsa ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin lakar, masana kan ce an samu dutse mai kyau da zai iya haifar da mai. Sai kuma ƙasa ta danne shi zuwa zurfin kilomitoci, zafi tsakanin digiri 60 da 150 ya yi ta dafa shi shekaru miliyoyi kafin ya tsatso da ɗanyen mai. In zafin ya zarce haka, gas zai bayar.

Yadda na fi gane lamarin shi ne in kwatanta shi da manomin wake. Abin da zai tarar a ma'ajiyarsa bayan wata shida ya dogara ga abu uku: yawan abin da damina ta ba shi, ɓarnar da ƙwari suka yi, da yawan ƙasa da tsakuwa da suka shiga buhun lokacin sussuka. Haka yake a teku. Akwai yawan halittun da ke mutuwa a sama, akwai masu cinye gawar a ƙasa, akwai kuma yashi da lakar da koguna ke kawowa suna gauraya da ita.

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san dabarar nan ta buhu mai leda biyu a ciki, ko durom da ake toshe wa baki. Ba a zuba magani, iska kawai ake hana ƙwarin, su mutu da kansu. To, tsutsotsi da ƙaguwa da akasarin ƙwayoyin bakteriya masu cin gawa a ƙasan teku su ma da iskar oksijin suke rayuwa. Inda ruwan ƙasa ya rasa ta, babu mai tono, babu mai birkita laka. Abin da ya sauka bana yana kwanciya a kan na bara ba tare da an taɓa shi ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa dutsen yaron nan ke ɓarewa falle-falle.

Mu mutanen Jos ba sai mun je bakin teku ba kafin mu ga misali. Tsofaffin ramukan kuzan da ruwa ya cika, waɗanda iyaye ke ta jan kunnen yara a kansu, da yawansu suna da zurfin gaske. Baffa ya ce wanda ya taɓa nutso a ciki ya san sama da ɗumi, ƙasa kuwa sanyi ƙarara, kamar ruwa biyu ne aka ɗora wani a kan wani. In ka caka dogon gora ka zaro, taɓon da zai biyo shi baƙi ne wuluk, yana warin baragurbin ƙwai. Ruwan ɗumi ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yana zaune a sama kamar murfi, iska ba ta kaiwa ƙasa. Warin kuma na wata iska ce mai sinadarin farar wuta da wasu ƙwayoyin bakteriya marasa buƙatar oksijin ke fitarwa. Idan ta haɗu da ƙarfen da ke cikin laka sai ta baƙanta ta, daga baya ta zama ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar zinare, da ake kira fairait.

To ina ruwan cikar teku da wannan duka?

Teku na hawa da sauka ta hanyoyi daban-daban. Mafi sauri ita ce ƙanƙara. Shekara dubu 20 da suka wuce, lokacin da tulin ƙanƙara ya rufe Kanada da arewacin Turai, ruwan teku ya yi ƙasa da na yau da kimanin mita 120, domin ruwan yana can a daskare a tudu. Da ta narke ya koma. Hanya ta biyu tana cin shekaru miliyoyi. A tsakiyar tekuna akwai dogayen tsaunuka inda narkakken dutse ke ɓullowa yana zama sabon daɓe. Sabon daɓen yana da zafi, a kumbure yake. Idan aikin ya yi sauri sai ƙasan tekun ya taso, ruwa ya rasa wurin zama ya malala kan nahiyoyi, kamar ka tura gindin roba mai cike da ruwa daga ƙasa. Ta uku, ƙasar ce da kanta ke lotsawa ko ta ɗaga, ko da ruwan duniya bai ƙaru ba.

Idan ruwa ya fara cin tudu, yana taɓa abubuwa ukun nan na misalin wake a lokaci guda. Yana mamaye dazuzzuka da fadamu, ya jiƙa ƙasarsu, ya kwaso sinadaran da manomi ya sani a buhun taki, musamman fosfaras da naitirojin. Halittun sama su samu abinci su yi ta hayayyafa. Wurin da a da igiyar ruwa ke kaɗa ƙasansa kullum yanzu ya yi zurfin da igiya ba ta kaiwa, ya samu natsuwa. Sannan a cikin teku akwai wani falle na ruwa, yawanci tsakanin zurfin mita 200 da 1,000, inda ruɓewar gawa ke cinye oksijin har ta yi ƙaranci. Ana ganinsa a fili yau a gaɓar Namibiya da Peru da Tekun Larabawa. Idan teku ya cika, wannan falle yana hawowa ya shimfiɗu a kan faffaɗan dandamalin da ke gefen nahiya.

Amma a ganina, aikin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne na uku: teku mai cika yana tare yashi a bakin ƙofa.

Kogi yana sauke kayansa ne inda ya haɗu da ruwa mai tsayawa. Idan teku ya matso cikin ƙasa da kilomita ɗari, bakin kogin ma ya ja baya da kilomita ɗari. Kwarin da kogin ke bi ya cika da ruwa, yashi da laka su maƙale a nan. Can cikin teku sai ɗan ƙura-ƙura ke isa. A ɗauka, don misali kawai, gwangwani ɗaya na gawar halittu ke sauka a wani wuri cikin shekara dubu. In laka mudu ɗari ta sauka tare da shi, ko ɗanɗanonsa ba za a ji ba. In mudu biyar ce, lakar za ta fito baƙa. Gawar ba ta ƙaru ba ko kaɗan, abin da ake tsinka ta da shi ne ya ragu. Mai sayar da nono ta san wannan lissafin sarai.

Sai dai a nan akwai tarko. Kada a ce to ke nan gara laka ta daina zuwa gaba ɗaya. A tsakiyar Tekun Fasifik, nesa da kowane kogi, akwai wuraren da lakar da ke taruwa a shekara dubu ba ta wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba. Lakar can ja ce, kusan babu ragowar halitta a cikinta, domin gawa tana daɗewa a fili ba a binne ta ba har oksijin ta cinye ta tas. A ɗaya gefen, mafi yawan kabon da ake binnewa a tekunan duniya yau a bakin manyan koguna ne da gefen nahiyoyi, inda laka ke rufe abu da wuri kafin a cinye shi, sai dai a tsinke yake. Laka mai yawa tana ceton gawa amma tana salantar da ita, laka kaɗan tana barin ta da kauri amma a hannun masu ci. Baƙin dutse na gaske yana samuwa ne inda lakar ta yi kaɗan kuma masu cin ba su nan, wato inda oksijin ta ƙare. Cikar teku na iya haɗa waɗannan biyun a wuri ɗaya, shi ya sa falle mafi maiƙo yakan faɗo a lokacin da ruwa ke tsakiyar mamaya ko dab da ƙurewarta.

Masu neman mai sun daɗe da riƙe wannan. A 1977 Peter Vail da abokan aikinsa a kamfanin Exxon suka fito da hanyar karanta hawa da saukar teku daga jerin duwatsun ƙarƙashin ƙasa. A rijiya kuma akwai alama mai sauƙi. Laka marar oksijin tana tara sinadarin yuraniyom, don haka in an zura na'urar auna tururin nukiliya a rami, allurarta kan yi tsalle daidai inda baƙin fallen yake.

Wanda ya iya wannan karatu, ƙasar Gombe littafi ce a buɗe. Kwarin Binuwai ya samu ne lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta lotsa. A can ƙasa akwai dutsen yashi mai kaurin gaske da ake kira da sunan Dutsen Bima, wanda koguna suka zuba tun teku bai iso ba. A kansa sai jerin Yolde, yashi da laka a cakuɗe, alamar bakin gaɓa, ruwan gishiri ya fara leƙowa. Sai jerin Pindiga, dutsen siminti mai amonait da laka mai duhu: teku ya shigo sosai. A wannan zamani, wajen shekara miliyan 94 zuwa 90 da suka wuce, wani siririn teku ya ratsa Sahara ya haɗa tsohon tekun arewa da Atilantika ta kwarin Binuwai. Daga sama kuma sai dutsen yashin Gombe, da gawayin da ake haƙa a Maiganga, shaidar ruwa ya janye ya bar fadamu masu itatuwa. Cika da janyewa ke nan, a jere, daga ƙasa zuwa sama.

Wannan lokacin ba a Najeriya kaɗai ya bar sawu ba. Duniya tana da zafi, babu manyan tulin ƙanƙara irin na yau, ruwan teku ya haura na yanzu da abin da masana suka kiyasta tsakanin mita ɗari da sama da ɗari biyu. Ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe oksijin da yawa. Ga kuma aman wuta mai yawa a ƙarƙashin teku a yankin Karibiyan. Wajen shekara miliyan 94 da suka wuce sai manyan sassan tekunan duniya suka shaƙe, na tsawon ɗaruruwan dubban shekaru. Seymour Schlanger da Hugh Jenkyns ne suka fara bayyana irin wannan shaƙewa a matsayin abin da ya game duniya, a 1976. A kusa da garin Gubbio na Italiya ana ganin shaidarta da ido: baƙin falle mai kaurin kimanin mita ɗaya a tsakanin fararen duwatsu, kamar an ja layi da gawayi a bango. A Tarfaya ta Maroko kabon ɗin lakar wannan zamani ya haura kashi goma cikin ɗari. Dutsen La Luna, uwar man Benezuwela, shi ma na wannan tsakanin ne.

Namu fa? Gwaje-gwajen da aka yi a kan lakar Pindiga sun nuna akasarinta ba ta kai waɗancan maiƙo ba, kuma ragowar tsirran tudu ta yi yawa a ciki, irin wadda ta fi bayar da gas. Ba abin mamaki ba ne. Siririn teku ne marar zurfi sosai, tuddai sun sa shi a tsakiya, koguna na zuba masa laka ta kowane gefe. Zamani ɗaya, cikar teku ɗaya, amma sakamako ya bambanta saboda siffar wurin.

Misalin da ya fi burge ni ya fi wannan tsufa, kuma a Sahara yake. Kimanin shekara miliyan 444 da suka wuce, yankin da ke Sahara yau yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Har yanzu ana ganin kartar da ta yi wa duwatsu a kudancin Aljeriya. Da ta narke, teku ya taso da sauri ya cika kwaruruwan da ke shimfiɗe a wurin. Ruwa ya tsaya cik a cikin waɗannan ramuka, yashi ya maƙale can baya, baƙar laka ta kwanta. Ita ce ta haifar da kaso mai tsoka na mai da gas na Aljeriya da Libiya, har da filin Hassi Messaoud da aka gano a 1956, shekarar da aka samu mai a Oloibiri ta Neja Dalta.

Duk da haka, wanda ya mayar da wannan ƙa'ida marar togaciya zai sha kunya. Bahar Aswad, tekun da ke arewacin Turkiyya, wanda ruwansa daga zurfin mita 150 zuwa 200 har ƙasa babu oksijin, ya shaƙe ne saboda ƙofarsa, mashigin Bosforus, ƙunci gare ta kuma ba ta da zurfi. Da teku ya cika bayan narkewar ƙanƙara, ruwan gishiri mai nauyi ya tsallako ya kwanta a ƙasa, ruwan koguna ya zauna a sama ya zama murfi. A nan cikar teku ce ta jawo, amma ta wata hanya dabam. A gabashin Bahar Rum kuwa akwai baƙaƙen falle masu maimaituwa waɗanda damina ce ke kiran su. Duk lokacin da ruwan sama ya yi ƙarfi a Afirka, Kogin Nilu ya tumbatsa, ruwan daɗi ya rufe saman tekun, ƙasa ta shaƙe. Na ƙarshensu ya kwanta tsakanin shekara dubu 10 da dubu 6 da suka wuce, lokacin da Sahara take kore shar, Tafkin Chadi ya ninka na yau sau da yawa. Kwalekwalen Dufuna da aka tono a Yobe, mai shekara kusan dubu 8, ɗan wannan zamanin ne. Shi kuma yankin Neja Dalta, inda arzikin man ƙasar nan yake, ya tara nasa ne ta hanyar yawa: kogi ya yi ta jibga laka da tarkacen tsirrai kilomita bayan kilomita, a tsinke amma ba iyaka.

Masana sun yi shekaru suna jayayya a kan wanne ne jigo. A 1980 Demaison da Moore suka ɗora nauyin a kan rashin oksijin. A 1990 Pedersen da Calvert suka ce a'a, yawan abin da ke saukowa daga sama ne, rashin oksijin biyo baya yake yi. Ni dai da na karanta ɓangarorin biyu, sai na ga kamar musun damina ce ke cika rumbu ko toshe shi da kyau. Kowane kwari da irin nasa, kuma ɓangarorin biyu sun fi ba da ƙarfi ga yawan gawa da masu cinta, alhali a wurare irin namu yawan lakar ne ke yanke hukunci.

Baffa ya saurari duk wannan yana juya baƙin dutsen a hannu. Daga ƙarshe ya yi tambayar da na san tana cinsa tun farko.

"To mu nan Jos fa? Mun ba Turawa kuza shekara da shekaru. Ba za a samu ko ɗigo ba?"

Yaron ya girgiza kai. Duwatsun Jos, in ji shi, daga narkakken dutse suka daskare, sama da shekara miliyan 150 da suka wuce, shi ya sa suke da kuza. Babu lakar teku a kansu. Tuddai irin namu da ke kewaye da kwarin su ne ma ruwan sama ya riƙa zaizayewa, koguna suna kwasar yashinsu suna kaiwa can.

Baffa ya yi shiru, ya ajiye dutsen a gefen buta.

"Ashe mu ne muka zuba musu yashi a miya," ya ce. "Bar mini wannan mai dodon koɗin, zan nuna wa Liman bayan la'asar."